Tsibirin Kawu Jaɓɓi

A rumfarsa ta ɗinki, bayan Tsohuwar Kasuwa,
Kawu Jaɓɓi kan ture ƙyallaye da gefen ƙafa,
ya ɗauki allin da yake auna wuyan riga
ya zana ƙasa guda a kan siminti.
Ba ta kai faɗin faifai ba.
"Ga ta nan duka," in ji shi. "Saura ruwa ne."

Mu 'ya'yan Sakkwato, da iyakarmu Rima da randa,
muka ce, "To ta ina ake fita?"
Ya yi dariya har keken ɗinki ya girgiza.

Dutse ne a tsakiya, girgije ba ya sauka daga kansa.
Gefe ɗaya ruwan sama ba ya hutun Juma'a,
gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa,
takalmi ya kwana ya tashi da gemun fumfuna.
Ɗaya gefen kuwa ƙaya ce da awaki.
Ka hau keke bayan asuba, teku na hannun damanka,
kafin la'asar ka dawo ƙofar da ka bari,
teku bai sake hannu ba.

Shekara goma sha tara yana fasa kwakwa,
ya shanya, ya ɗura, ya ɗinke bakin buhu.
Can ya koyi allura.
"Muna noma abin da ba mu ci,
muna cin abin da ba mu noma ba.
Wanda ke yanka mana farashi
bai taɓa tsayawa ƙarƙashin itacen ba."
Jirgi sau biyu a wata.
In ya makara, shinkafa ta zama labari,
kananzir ya koma kwalbar turare,
gari duka ya fito gaɓa ya yi tagumi.
Hukumarsu har kan sarki take bugawa, mai hoton tsuntsu,
ta sayar wa mutanen nesa da ba su da wasiƙar aikawa.

Na ce, "Kawu, su wa suka sari garin?"
Ya lashi zare, ya nemi kafar allura, ya daɗe.
"Ba wanda kakansa ya tsiro a can.
Kowa jirgi ya sauke shi:
wani da bindiga, wani da mari a ƙafa,
wani irina da takarda da dangwalen yatsa.
Tuta uku aka sauya a sanda guda,
sandar ce kawai ta san nauyin kowace."

Sai ya ɗiga alli a gefen da rana ke fitowa.
"Nan Hantsi yake, mutumin Gobir.
Mu huɗu muka sallace shi.
Alƙibla, da ka muka kintata."

Da magariba yaron shago ya yayyafa ruwa ya yi shara,
dutse da gaɓa da Hantsi suka bi tsintsiya.
Gobe a sake zanawa.
Kullum tsibirin na ƙara ƙanƙancewa,
ko allin ne ke ƙarewa, ban sani ba.

Bara, bayan mun kai shi makwanci da wata biyu,
Rima ta cika ta shanye fadama.
Daga gadar Kwalkwalawa na hango tudu ɗaya da ya tsira:
rumbun albasa, akuya ɗaure,
da wani mutum tsaye, tafi a goshi,
yana duban ta inda kwalekwale zai ɓullo.

Na koma rumfa na buɗe gwangwanin maɓallai.
A ƙasa akwai ƙwanson teku, fari, bakinsa ya gutsure,
da guntun alli
da bai isa zana ko gaɓa ɗaya ba.